Sabis ya ɗauke, taurari suna nan: zaɓen kwamfutar keke a Salka

Duk wanda ya kai wata sabuwar na'ura ƙasar Kontagora, tambayar farko da za a tare shi da ita ita ce, "Tana yi inda babu sabis?" Tambaya ce ta mutanen da suka sha wuya. Mutumin Salka, a ƙaramar hukumar Magama ta Jihar Neja, ya san tudun da zai hau ya ɗaga waya kafin kira ya shiga, ya kuma san kwarin da in ya gangara cikinsa magana ta yanke ke nan har sai ya hauro. Shi ya sa idan aka nuna masa 'yar na'urar nan da ake ɗaurawa a kan keke, wadda ba ta cika tafin hannu ba, tana nuna gudu da nisan tafiya da hanyar da aka biyo, sai ya ɗauke ta kayan 'yan Abuja, wai da zarar an bar kwalta za ta zama ado. Kwamfutar keke ake ce mata, kuma da GPS take aiki. Abin da nake son in kafa hujja a kansa shi ne wannan zato juye yake. Siginar da na'urar ke dogaro da ita ta fi samuwa a gonakin da ke tsakanin Salka da Auna fiye da tsakiyar Legas. Abin da ke ba mahayi kunya a irin wannan wuri yana ƙasa: batir, ƙura, gargada da taswira. Wanda ya zuba kuɗinsa wajen maganin matsalar sama alhali tasa tana ƙasa, ya yi sayen nagari ne a inda ba a nan ciwon yake ba.

GPS taurarin ɗan'adam ne na gwamnatin Amurka. An harba na farko a 1978, tsarin ya cika aiki a 1995, kuma yau akwai kimanin 31 da ke kewaya duniya a nisan kilomita 20,200, kowanne sau biyu a yini. Aikin kowane tauraro ɗaya ne tak: yana ta shelar sunansa, da inda yake, da ƙarfe nawa a agogonsa. Na'urar da ke kan keke saurare kawai take yi. Tana auna lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, ta mayar da shi nisa, tunda saƙon yana tafiya da gudun haske, kilomita 300,000 a sakan ɗaya. Idan ta ji taurari huɗu, ta san inda take. Lissafin yana da tsauri ƙwarai, domin kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na sakan yana jefa mutum mita 300 daga inda yake. Amma a lura da abin da ba ya cikin wannan bayani: babu layin waya, babu data, babu turken MTN ko na Airtel. Babu kuma kuɗin wata. Tun watan Mayun 2000, lokacin da Shugaba Bill Clinton ya sa aka daina gurɓata siginar farar hula da gangan, kuskuren ya sauko daga kusan mita 100 zuwa 'yan mitoci, kuma abin da ke sauka a birnin New York shi ke sauka a kasuwar Salka.

To daga ina mutane suka samo cewa GPS sai da sabis? Daga waya, kuma suna da uzuri. Tauraro yana karanto bayanin hanyarsa a hankali ƙwarai, kamar mai yi wa ɗalibi shifta: na'urar da aka kunna tana bukatar kusan sakan 30 tana saurare ba yankewa kafin ta gama da kowane tauraro, cikakken jadawalin taurarin kuma yana cin minti 12 da rabi. Waya ba ta jiran wannan, tana sauko da bayanin ta intanet cikin ƙiftawar ido. Haka kuma hoton taswirar da ke fuskarta ta intanet yake zuwa. Idan sabis ya ɗauke, sai wayar ta daɗe ba ta kama ba, taswirar kuma ta zama farin fili da ɗigo a tsakiya, sai mai ita ya yanke hukunci cewa GPS ya mutu. Ɗigon nan kuwa daidai yake, hoton da ke ƙarƙashinsa ne bai zo ba. Arewa ta riga ta gwada wannan a aikace. Tun wajajen 2012 aka fara ba ayarin masu allurar rigakafin shan inna wayoyi masu GPS, da taimakon ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano. Wayoyin suna rubuta sawun masu ɗauke da su duk yini a ƙauyukan da babu ko sanda ɗaya ta sabis, da yamma a kwashe bayanin a ɗora shi a taswira, a ga unguwar da aka shiga da rugar da aka tsallake. Wannan aiki yana cikin abubuwan da suka kai ga sanarwar Hukumar Lafiya ta Duniya a ranar 25 ga Agustan 2020 cewa an kawar da ƙwayar cutar ta daji daga Afirka. Haka nan a Satumban 2021 da aka rufe layukan waya a duk Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, babu wanda ya rufe taurari, domin makullinsu ba ya hannun kowa a ƙasar nan.

Rauninta na gaskiya daban ne. Saƙon yana baro tauraro da ƙarfin da bai wuce na ƙwan lantarki ba, sannan ya yi tafiyar kilomita dubu ashirin, don haka a galabaice yake isowa. Ba ya ratsa kwanon rufi, ba ya ratsa siminti mai rodi, kuma idan ya bugi bango ya dawo, na'urar kan ɗauki amsa-kuwwar a matsayin muryar asali, ta lissafa nisa fiye da gaskiya. Wannan ita ce masifar manyan birane, inda benaye ke tare rabin sama, gilasai kuma suna ta mayar da sigina. Ita ce kuma masifar dazuzzukan kurmi da kwazazzaban duwatsu. Yanzu a dubi ƙasar Salka: gonakin dawa da masara da gyaɗa a shimfiɗe, kaɗanya nan, ɗorawa can, sama a buɗe daga gabas har yamma. Mai ƙera eriya ba zai roƙi abin da ya fi haka ba. Hadari ma da ke ɗauke hoto a talabijin mai dish ba ya yi wa GPS haka, saboda zangon da yake aiki a kai bai damu da ɗigon ruwa ba, hazon hunturu kuma ko a jikinsa. Inda za a ga tangarɗa wurare ne ƙalilan, kuma kowa zai iya ganinta da idonsa. A jingine keke a gindin mangwaro mai duhun ganye bayan an ɗauke ruwa, ko a ƙarƙashin rumfar kwano ta mai faci, a zuba wa fuskar na'urar ido. Keken bai motsa ba, amma za ta nuna gudun kilomita biyu, ta koma sifili, ta nuna uku, ɗigon yana ta yawo kamar akuyar da aka ɗaure da doguwar igiya. A tura keken taku goma zuwa fili, nan take ta nutsu.

A nan ne mai kanti ke shigowa da nasa wa'azin. GPS yanzu ba shi kaɗai ba ne a sama. Rasha tana da GLONASS, Tarayyar Turai ta buɗe Galileo a Disambar 2016, Sin ta kammala BeiDou a 2020, kuma idan aka haɗa su taurarin sun haura 100. Na'urar da ke jin biyu ko uku daga cikinsu tana da zaɓi mai yawa, in ganye ya tare wannan ta kama wancan. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma abin daɗi shi ne ya riga ya yi arha: ƙananan na'urorin kamfanonin Sin irin su iGPSPORT da Magene da Cycplus, waɗanda wasunsu ba su kai dala 50 ba, akasarinsu suna jin fiye da tsari ɗaya. Mataki na sama shi ne mai zango biyu. Masu sauraren rediyo sun san tasha ɗaya kan watsa shirinta a mita biyu, in wannan ta yi shuu a koma waccan. Haka sababbin taurari ke magana a zango biyu, L1 da L5, na'urar da ke jin duka biyun kuma tana kwatanta su ta gane amsa-kuwwa ta yar. Kamfanin Garmin ya kawo wannan a na'urarsa Edge 1040 a 2022, a kan kusan dala 600, kamfanin Wahoo ma ya saka shi a tasa Roam a shekarar. Ba na musun ingancinsu. Amma babbar cutar da aka yi su don ita cutar benaye da kurmi ce. Dala 600 kuwa, a canjin yau, kuɗin kekuna ne masu yawa, kuma a kan buɗaɗɗiyar hanyar Auna bambancin da za ta nuna da na'urar dala 50 bai wuce faɗin kunya biyu ko uku ba.

Akwai dai hujja ɗaya mai nauyi da mai goyon bayan zango biyu zai iya kawowa, kuma ta shafe mu fiye da yadda ta shafi Turawan da aka yi wa na'urar. Can sama da inda jiragen sama ke bi akwai wani rufin iska mai ɗauke da lantarki, masana na ce masa ayonosfiya, kuma dole saƙon tauraro ya ratsa shi. Rufin yana jinkirta saƙo, kuma ya fi rikici a ƙasashen da ke kusa da tsakiyar maganaɗisun duniya, layin da ya ratsa ta cikin Najeriya. Bayan faɗuwar rana har zuwa tsakar dare iskar wurin kan yi kumfa-kumfa, sigina ta riƙa ƙyalƙyali kamar tauraron da ake hange ta cikin hayaƙi, wani lokaci na'ura ta saki wasu taurarin gaba ɗaya. Abin ya fi yawa a watannin Maris da Afrilu, da Satumba da Oktoba, ya kuma fi tsanani a shekarun da rana ta fi tafasa, abin da ke zagayowa duk bayan kimanin shekara 11. A Oktoban 2024 hukumar NASA ta sanar cewa an shiga ƙololuwar wannan zagaye, kuma a Mayun shekarar wata guguwar rana ta sa manoma da dama a Amurka suka ajiye motocin shukarsu masu bin GPS ana tsakiyar shuka. Na'ura mai zango biyu tana iya cire jinkirin da rufin ke jawowa, wannan gaskiya ne. Sai dai a tambayi kai: manomin Amurka layin shuka yake ja da ba ya son kaucewar santimita biyar, mai keke kuwa so yake ya san ko ya yi kilomita 18 ko 19. Kuma lokacin da rikicin ke tashi, tsakanin magariba da tsakar dare, lokaci ne da a halin tsaron da ake ciki mai hankali ya riga ya shigar da kekensa zaure.

Kuskuren da zai fi damun mahayi na yau da kullum ma daga wani wuri yake fitowa, wato tafiyar hawainiya. Keke mai gudun kilomita 15 a awa yana cin mita huɗu da 'yan kai a sakan. Idan kowane ɗigo da na'urar ta rubuta zai iya kaucewa da mita biyu ko uku, to a cikin rairayi, ko a hawa da buhu a kariya, inda gudun ya ragu zuwa na mai tafiya a ƙasa, sawun da ta zana zai yi ta karkace-karkace, ta ƙara wa tafiyar nisan da ba a yi ba. Wasu na'urorin kuma, don tattalin batir, ba kowane sakan suke rubutawa ba, sai su yanke kwana su rage nisa. Maganin wannan tsoho ne kuma mai arha: ɗan maganaɗisu ko ɗan firikwensin da ake ɗaurawa a ƙafar keke yana ƙirga juyawarta. Tayar inci 28, irin ta Raleigh da Phoenix da iyayenmu suka hau, tana cin kusan mita 2.2 a juyi ɗaya, wato juyi 455 kilomita guda ke nan, ko a fili ko a ƙarƙashin kuka. Saboda haka tambayar da ta fi "zango nawa take ji?" amfani ita ce, "tana karɓar firikwensin taya?" Sannan ga wani gargaɗi, tunda na san abin da zai fara zuwa zuciyar manomi: kewaya gona da na'urar don sanin girmanta. Yana da amfani wajen ƙiyasin taki da iri. Amma gona mai mita 100 kowane gefe kadada ɗaya ce, kuma idan sawun ya fita waje da mita uku a kowane gefe, lissafi zai ba da ƙarin kashi 12 cikin ɗari. Kada wanda ya je gaban mai unguwa da wannan a rikicin iyaka.

Batir shi ne zakaran gwajin. Madatsar Kainji, da aka gama a 1968, ba ta da nisa da ƙasar Magama, amma kowa ya san kusanci da madatsa bai hana mutum kai wayarsa shagon caji ba. Na'ura mai babbar fuska mai launi da ake shafawa da yatsa tana shan wuta, kuma a ranar Afrilu, da zafi ke kusantar digiri 40, batirin litiyom da aka shanya a kan keke yana saurin tsufa. Mai baƙi-da-fari da maɓallai ta fi daɗewa, ta fi karantuwa a tsakar rana, kuma ba ruwanta da yatsa mai gumi da ƙura. Wasu masu arhar suna yin awa 20 zuwa 40 a caji ɗaya. Kamfanin Coros ya fitar da Dura a 2024 mai ɗan faifan sola a goshi, ya ce tana kai awa 120. A duba kuma alamar IPX7 a kwali, ma'anarta na'urar ta jure nutso a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30, abin da zai ishe ta ruwan Agusta da tsallake rafi. Ramin caji ya kasance yana da murfin roba, ya kuma zama irin bakin cajar wayoyin yanzu, don kada igiya ta ɓace na'ura ta mutu da ranta. Sai mariƙi, wanda ba wanda ke tambaya a kansa, alhali shi ke fara karyewa. 'Yan kunnuwan roba biyu ne ke riƙe da na'urar, gargadar hanyar jan ƙasa kuma tana cin su a hankali. Wadda ke da 'yar ƙofar zura igiya a ɗaure ta a kan keke ta fi wadda ke da ma'aunin tsayin dutse, tunda babu wasu duwatsun kirki da za a auna a nan.

Taswira ce wurin da mai tsada ke kunyata mai ita fiye da ko'ina. Yawancin taswirorin da ke cikin waɗannan na'urori daga OpenStreetMap aka ɗebo su, taswirar da 'yan sa-kai ke zanawa. A Jamus har hanyar da ke bayan lambu an zana. A karkarar Neja za a sami manyan hanyoyi da wasu na tsakanin garuruwa, amma 'yar hanyar da ta bi ta gefen fadama zuwa tunga, da burtalin da ake bi da rani a bari da damina, da mashigin da ke yiwuwa a Janairu ya gagara a Satumba, galibi babu su. Wasu na'urorin ma da taswirar Turai ko ta Amurka ake sayar da su, sai an nemi ta Afirka an ɗora. Na'ura za ta iya sanin inda kake har zuwa mita biyu, ta kuma tura ka hanyar da gadarta ta karye bara. Abin da ke aiki a irin wannan ƙasa shi ne sawunka na kanka: ka bi hanya sau ɗaya tare da wanda ya san ta, na'urar ta ajiye layin, gobe ka bi layin ko ka juyo da shi gida. Ba dukan masu arha ke yin wannan ba, kuma a ganina shi kaɗai ne dalilin da ya isa a ƙara kuɗi a hau mataki na biyu.

Wani zai ce duk wannan dogon zance ne, tunda wayar da ke aljihu tana da GPS, wasu ma masu zango biyu ne tun daga Xiaomi Mi 8 ta 2018. Gaskiyarsa. Wanda ke hawa keke sau ɗaya a mako, ko yake son auna nisan gona sau ɗaya, ya sauke manhaja irin OsmAnd ko Organic Maps, ya sauke taswirar Najeriya a inda yake da data, ya riƙe kuɗinsa. Amma waya a kan keke kullum wata magana ce. Da fuskarta a kunne a rana, 'yan awoyi ne batirin ya ƙare, zafi kan sa ta dusashe ko ta kashe kanta, girgiza tana lalata kyamarar wasu, faɗuwa ɗaya kuma ta tafi da gilashi da asusun banki da lambobin 'yan uwa. A wurin da waya ce hanyar neman agaji, ƙarar da cajinta wajen ƙirga kilomita ba dabara ba ce. Wani kuma zai ce Bakambaren da aka haifa a Salka ba ya bukatar tauraro ya nuna masa hanyar Auna. Wannan ma haka ne, kuma ba don shi na ce a saya ba. Masu bukata su ne malamin gona da ma'aikacin lafiya da ke zagaya ƙauyukan da ba nasu ba, da mai sarin hatsi da ke son sanin ainihin nisan da yake biyan ɗan kabu-kabu a kai (na'urar ba ta san bambancin keke da babur ba), da wanda likita ya ce ya riƙa motsa jiki saboda suga ko hawan jini, da samarin da suka fara ɗaukar tseren keke da gaske, musamman tun da Ese Ukpeseraye ta wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta Paris a 2024.

Saura batun tsaro, kuma yana da fuska biyu. Tunda na'urar saurare kawai take yi, ba ta gaya wa kowa inda kake, kuma idan aka sace keken ba za ta nuna inda aka kai shi ba. Abin bin sawu da ake ɓoyewa a babur wani abu ne daban: yana da layin waya a ciki, shi kam in babu sabis bebe ne. Kada mai kanti ya haɗa maka su a ciniki ɗaya. Fuska ta biyu ita ce abin da mahayi ke tonawa da hannunsa. Na'urorin nan suna son a haɗa su da waya a tura tafiya zuwa manhajoji irin Strava, inda kowa zai ga hanyar da aka bi da lokacin da aka fita. A Janairun 2018 taswirar da Strava ta wallafa ta fallasa fasalin sansanonin sojan Amurka a ƙasashe da dama, saboda sojojin suna gudun motsa jiki da agogunansu a kunne. In haka ta faru da sojan Amurka, to mutumin da ke fita daga ƙofar gidansa ƙarfe shida kowace safiya a yankin da ake satar mutane ya rufe shafinsa, ko ya bar sawunsa a cikin na'urar kawai.

Ga mai niyyar saya, ko a Kontagora ko a Minna ko ta hannun ɗan uwa a Kano, kada ya biya a cikin shago. Ya fito da na'urar fili, ba tare da an haɗa ta da waya ba, ya kunna ya duba agogo. Karon farko a yi mata uzuri ko da ta ci minti biyar, tunda daga wata ƙasa ta zo. A kashe, a sake kunnawa: in ta wuce minti ɗaya ba ta kama ba, a mayar da ita. In ta kama, a tsaya da ita minti biyu a rana a ga ko gudun ya zauna a sifili, sannan a shiga inuwar bishiya a ga ko ta saki gaba ɗaya ko ta ɗan yi rawa ne kawai. Wadda ta ci wannan jarrabawa, tana yin awa 20 a caji, tana karɓar firikwensin taya, tana da wurin ɗaura igiya, ta ishi kowace hanya a ƙasar Magama. Canjin da ya rage a sayi taya da tub.